Karɓa-karɓa a Gaɓar Rafin Pindiga

Layi ɗaya tak na rubuta a littafina, na rufe shi, na koma gindin wata aduwa na zauna. Gaɓar rafin da aka ba mu, ni da abokin aikina, ta kai tsayin bene mai hawa biyu, amma a idona babu wani abin ɓata lokaci a jikinta. Ga dutsen farar ƙasa a kwance, ga laka mai ruwan toka a kansa, ga wani dutsen, ga wata lakar, haka dai har can sama inda busasshiyar ciyawa ta fara. Masana ilimin duwatsu sun riga sun tanadi kalma guda domin irin wannan jeri, intabeded, ni kuwa na haddace ta tun ina aji biyu. Sai na rubuta cewa dutsen farar ƙasa ne da laka intabeded, har na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar don a san na san ta.

Wajen hantsi Malam ya iso wurinmu da malafarsa, guduma na lilo a ƙugunsa. Ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya karanta, ya juya shafi na gaba, ya tarar da shi fari fat.

"Shi ke nan?"

"Malam, ai duk abu ɗaya ne har sama."

"Nawa ne?"

"Na'am?"

"Shimfiɗun nake tambaya. Nawa ne na dutse, nawa ne na laka? Wanne ne mai gida, wanne ne baƙo? Kaurinsu yana ƙaruwa ne in ana hawa, ko raguwa yake?"

Na yi tsuru-tsuru. Ya mayar mini da littafin, ya ce kalmar ba ƙarya ba ce, amma bashi na ɗauko ta, don haka in tashi daga inuwar in je in biya. Daga nan ya wuce wajen 'yan rukuni na gaba.

Ni ɗan Zariya ne, kuma wannan yana cikin abin da ya ruɗe ni. A wajenmu in an ce dutse, Kufena ake nufi da ire-irensa: curi guda, wanda ya narke a can cikin ƙasa ya daskare, ba shi da hawa-hawa. Ka fasa shi ta gabas, ka fasa ta yamma, kusan abu ɗaya za ka gani. Dutsen da aka shimfiɗa kamar tabarmi a ɗakin baƙi, wata bisa wata, a allo kaɗai na san shi kafin wannan tafiya ta aji uku da ta kai mu Gombe cikin hunturu.

Kwana biyun farko an zagaya da mu ne don mu ga jerin ƙasar daga gindi zuwa sama. Can ƙasa akwai dutsen yashin Bima, wanda ya ci sunan Dutsen Bima na wajen Dadin Kowa, dutsen nan da kakanninmu suka fi sani da zancen Mahdi. Koguna ne suka zuba shi a lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta haifar da kwarin Binuwai. A kansa akwai Yolde, inda yashi da laka suka fara musanye, alamar teku ta soma leƙowa. Sai Pindiga, inda tekun ta shigo sosai ta zauna. Sai dutsen yashin Gombe, lokacin da ta ja da baya ta bar fadamu, waɗanda gawayinsu ake haƙa yau a Maiganga. A can sama kuma Kerri-Kerri ta rufe su. Yawancin waɗannan sunaye sun zauna da gindinsu ne bayan rahoton da Carter da Barber da Tait suka fitar a 1963 kan sassan lardunan Adamawa da Bauchi da Borno, kuma har yau da su ake koyarwa. Mu dai rabonmu ya faɗo a ƙasan Pindiga, sashen da ake kira Kanawa, irin dutsen da kamfanin siminti na Ashaka ke fasawa yana toyawa tun 1979.

Ita kalmar, in an warware ta, ba wani abin tsoro ba ce. Rabinta na farko yana nufin tsakani, na biyu kuwa gado ne, wato shimfiɗa. Ana faɗinta ne idan iri biyu na dutse, ko fiye, suka kwanta a jere suna musanyar wuri: wannan ya zo, wancan ya biyo, na farkon ya dawo. Da na so in yi wa ƙanwata bayani a waya daren nan, sai bakina ya kama karɓa-karɓa, irin ta 'yan siyasa, Arewa ta yi, Kudu ta karɓa. Ta yi dariya, ta ce to ai ta gane. Tun daga ranar haka nake kiran abin in ina Hausa, kuma ina ganin ya fi asalin kalmar nuna abin da ke faruwa, domin ba duwatsun ne ke sauya wuri ba, yanayi ne ke karɓar mulki daga wani yanayin, kowanne ya bar shimfiɗarsa ya tafi.

To, biyan bashin. Abu na farko da muka gane shi ne gaɓar da muke kallo ba gaɓar ba ce, rigarta ce. Ruwan damina ya wanko laka daga sama ya shafe fuskar, rana ta gasa ta ta yi ɓawo. Sai da muka aro fartanya a wajen wani manomi da ke kaɗa shanunsa a kusa, muka kankare wata siririyar hanya mai faɗin kamu guda daga ƙasan rafin zuwa sama, muna haƙa har sai mun iske lakar da ba ta sha iska ba. Ita wannan launinta ya fi duhu nesa ba kusa ba, kusan baƙa, kuma tana ɓarewa falle-falle kamar tsohon littafin da ya sha ruwa ya bushe. Irinta ce muke kira shel a aji.

Daga ƙasa ake fara awo, ba daga sama ba, saboda ta ƙasa ita ce babba. Wannan ƙa'ida tsohuwa ce, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Steno ya rubuta ta tun 1669, kodayake duk matar da ta taɓa jera tasoshi ta san ba a ɗora na farko a kan na biyu. Abokina ya riƙe tef, ni ina rubutu. Nan ma sai da muka yi gyara, domin shimfiɗun ba a kwance suke ɗabas ba, sun ɗan karkata. In ka miƙe tef tsaye daga ƙasa zuwa sama za ka ƙara musu kaurin da ba nasu ba. Dole ka ɗora shi ya tsaya cak a kan fuskar shimfiɗar, yadda ake auna kaurin katako ko da an jingine shi da bango. Duk inda iri ya sauya, mu soka tsinke, mu ba sabuwar lamba.

Kowace shimfiɗa kuma sai an yi mata tambayoyi. A fasa da guduma a ga cikinta, don launin waje maƙaryaci ne. A ɗiga mata asid, ruwan haidurokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 da muka ɗuro a kwalbar maganin ido. In dutsen farar ƙasa ne, nan take zai tafasa ya yi kumfa, har kana jin tsuwwarsa in ka kara kunne. Lakar kuwa yawanci shiru take yi, sai dai wasu wuraren ta ɗan yi motsi kaɗan, alamar akwai farar ƙasa gauraye a jikinta, kuma wannan ma abin rubutawa ne. A duba da madubin hannu mai ninka girman abu sau 10. Sannan gwajin da na fi ƙi da farko, na koma na fi yarda da shi: a gutsiri lakar a sa tsakanin haƙoran gaba a murza. In ta yi santsi kamar man shanu, yumɓu ce tsantsa. In ka ji gararas, akwai garin yashi a ciki wanda ido ba ya iya gani. A littafi an ce yashi yana farawa ne daga kashi ɗaya cikin 16 na milimita zuwa milimita 2, abin da ya gaza haka ya zama gari, sannan yumɓu. A daji haƙori ne ma'aunin. Yaran da suka taru a bakin gaɓar suna kallonmu sun sha dariya ranar, ga manyan 'yan boko da takalma sau-ciki suna cin ƙasa.

Akwai kuma iyakar da ke tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, wadda ban taɓa tunanin abin dubawa ba ce. Wata iyakar kamar an yanka da reza, laka ta ƙare, dutse ya fara. Wata kuwa sannu a hankali lakar ke ƙara haske da tauri har ka rasa inda za ka soka tsinken. Bambancin nan babba ne. Ta farko tana cewa abu ya sauya farat ɗaya, ko kuma an daɗe ba a zuba komai ba kafin a ci gaba. Ta biyu tana cewa yanayin ya juya ne a hankali. Duk wannan ana zana shi a takarda mai gida-gida a matsayin dogon ginshiƙi, abin da muke ce wa log: dutsen farar ƙasa da alamar jerin bulo, laka da gajerun layuka, mai tauri ya turo ciki waje, mai laushi ya shige. Da fensir ake yi, kuma ba a jima ba na gane dalili.

Bayan azahar, mun kai kusan rabin gaɓar, sai na ci karo da wata shimfiɗa cike maƙil da ɓawon kawa, saman ta ya yi ja-ja. Na ce wa abokina kamar na san wannan fuskar. Muka duba baya, ga ta nan lamba ta huɗu, kauri ɗaya, kawa ɗaya, jan sama ɗaya. Abin da ke bisanta ma daidai yake da abin da muka riga muka rubuta. Muka sauka muka tsallaka ɗaya gefen rafin muka hango daga nesa, sai ga shi ƙuru-ƙuru: wani ƙaton yanki na gaɓar ne ya zame a wata damina ya zauna a ƙasa ba tare da ya wargaje ba, mu kuma muka auna shi, sannan muka hau muka sake auna inda ya baro. Aikin awa biyu ya tafi a bakin magogi. Abin da ya ba ni tsoro shi ne, ba don kawar nan ba da ba za mu taɓa ganewa ba, domin a wurin da abu ke maimaita kansa da ma, maimaicin ƙarya ba ya ƙara. Muka koma gefe inda gaɓar ke tsaye da ƙafarta muka sake kankara.

Washegari muka yi gardama, ni da abokina, kan wani dutse mai kaurin yatsa huɗu. Shi ya ce shimfiɗa ce, a ba ta lamba. Ni na bi ta gefe da hannu, taku shida sai ta sirance ta ɓace cikin lakar, can gaba kuma ta sake ɓullowa a matsayin dunƙule-dunƙule kamar an jera curin fura. Muka kai ƙara wajen Malam. Bai raba gardamar kai tsaye ba, sai ya zauna a kan wani dutse ya jera mana 'yan uwan kalmar. In iri biyun suna zuwa bi-da-bi, kowanne da shimfiɗarsa da za a iya bi ta gefe, to karɓa-karɓa ce ta gaskiya. In ɗaya ne ya mamaye wuri, ɗayan yana leƙowa jefi-jefi, sai a ce kutse ya yi, intakaleshan a bakin 'yan aji. In kaurin bai kai santimita 1 ba, to ba shimfiɗa ba ce, falle ne, kuma jerin falle da falle sunansa daban. In kuwa iri biyun suna shiga juna ne ta gefe, wannan ya sirance a cikin wancan kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe, wannan ma wani abu ne. Namu dai, ya ce, mu zana shi yadda yake, dunƙule a matsayin dunƙule, kada mu miƙar masa da layi don takarda ta yi kyau.

Da muka tara lissafi a ƙarshen rana ta biyu na ji kunya ta gaskiya. Ranar farko da an ce in rantse, da na ce dutse da laka rabi da rabi ne, wataƙila ma dutsen ya fi. Tef ya ce lakar ta haura kashi uku cikin huɗu na tsayin gaɓar. Dalili kuwa a fili yake bayan an gani: dutsen yana da tauri, shi ke turo kai kamar matakala ya kama hasken rana, ɓaraguzansa kuma su zubo su rufe abin da ke ƙasa. Lakar tana zaizayewa ta shige ciki ta ɓuya a inuwa. Ashe baƙo na ɗauka na naɗa mai gida. Kuma a wannan ilimi jerin sunaye ba ado ba ne. In ka ce laka mai shimfiɗun dutsen farar ƙasa a tsakani, mai neman wurin fasa dutse don siminti zai san cewa sai ya kwashe laka mai yawa kafin ya sami abin toyawa. In ka juya, ka aike shi da kuɗinsa inda zai yi asara.

A shimfiɗa ta shida na sami amonayit ɗina na farko. Guduma ta buɗe dutsen sai ga shi a naɗe kamar ƙahon rago, ƙato kamar dunƙulen hannu, da wasu layuka masu lanƙwasa a jikinsa kamar zanen lalle. Na ɗaga shi ina ihu. Wani yaro ya dube ni, ya ruga, ya dawo da guda uku a gaban rigarsa, dukansu sun fi nawa kyau. Dabbar teku ce, dangin halittar ruwan nan mai laushin jiki da hannuwa takwas, wadda ta ƙare a duniya tare da manyan ƙadangarun nan na da. Waɗanda ke cikin wannan sashe sun rayu ne kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, lokacin da ruwan tekunan duniya ya yi tashin da ba kasafai ya yi irinsa ba, har wani hannu na teku ya ratsa Sahara daga arewa ya haɗe da na kudu ta kwarin Binuwai. Shi ya sa ake samun dangin waɗannan a Damargu, wajen Tanut a Nijar. Richard Reyment, wanda ya yi nazarinsu a shekarun 1950, har ya raɗa wa wasu sunayen garuruwanmu, Gombeoceras da Bauchioceras. Na tsaya riƙe da abin, leɓena a tsage saboda hunturu, ƙura na shiga ido, wai nan ƙarƙashin teku nake.

Daga nan ma'anar jerin ta fara shiga kaina. Idan koguna suna turo gurɓataccen ruwa cikin tekun, laka ce ke sauka a hankali ta kwanta. Idan ruwan ya washe, halittu masu ɓawo suka yawaita, ɓawonsu ne ke taruwa ya zama dutsen farar ƙasa. Laka, dutse, laka, dutse: ruwa ya gurɓace, ya washe, ya sake gurɓacewa.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Da dare, a ajin makarantar firamaren da aka sauke mu, muna gyaran zane da fitilar waya, na ce wa Malam ai ina ganin wannan zagayen yanayi ne, irin wanda Milankobic ɗan ƙasar Sabiya ya lissafa, na sauyin yadda duniya ke juyawa da kewaya rana duk bayan shekara kusan 21,000 da 41,000 da 100,000. Na karanta cewa ana ganin sawunsa a wasu duwatsun Turai. Malam ya ajiye kofin shayinsa.

"Jiya ba ka san ko nawa ba ne. Yau har ka san dalilinsu?"

'Yan ajin suka kwashe da dariya, amma bai tsaya a ba'a ba. Ya ce kalmomin wannan fage kowace da nauyin rantsuwar da take ɗauke da shi, kuma intabeded ita ce mafi sauƙin rantsuwa: abin da ido ya gani da abin da tef ya auna kawai take faɗa, ba ta ce komai kan dalili ko tsawon lokaci ba. In ka ce ridimait, ka rantse cewa musanyar tana tafiya bisa ƙa'ida kamar bugun ganga. In ka ce varv, kalmar mutanen Suwidin, ka rantse cewa kowane falle biyu, mai haske da mai duhu, shekara guda ce cif, kamar yadda ake samu a tafkunan da ƙanƙara ke narkewa cikinsu. Da irin wannan ƙidaya Gerard De Geer ya gabatar da tarihin shekara kusan 12,000 a wani babban taro a birnin Stockholm a 1910. In ka ce saikulotem, kalmar da Wanless da Weller suka ƙirƙira a 1932 daga duwatsun gawayi na jihar Ilinoi a Amurka, ka rantse cewa ba iri biyu ba ne kawai, jerin gwano ne na yashi da laka da gawayi da farar ƙasa da ke dawowa bisa tsari ɗaya. Mu kuwa shimfiɗu goma sha ɗaya muke da su a gaɓa guda, tazararsu ma ba daidai ba. Tana iya yiwuwa teku ce ke hawa da sauka. Tana iya yiwuwa bakin kogi ne ya sauya hanya. Wadda ke cike da kawar nan, ɓawon duk a farfashe a cakuɗe, ta fi kama da aikin guguwa ta kwana ɗaya. Dunƙulen da muka yi gardama a kai kuma wataƙila ba a ƙasan teku aka zuba su haka ba, bayan an binne lakar ne farar ƙasar ta narke daga wani wuri ta taru a wani. Masana kansu suna ja-in-ja kan yawan jerin laka da farar ƙasa da aka samu ta wannan hanya.

Na ji haushi a daren, ba zan ɓoye ba, domin bayanina ya fi nasa daɗin faɗa. Amma na goge jimlar.

Wanda ya fi kowa saurin gane zanena a tafiyar nan wani dattijo ne mai haƙar rijiya, a gidan mai unguwar da muka je gaisuwa. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, na nuna masa inda gindi yake.

"Baba, wannan dutse ne, wannan laka."

"Na gani, ɗana. Gaba nawa ke nan?"

Na lissafa masa, wajen gaba biyar. Ya girgiza kai ya ce a irin wannan ƙasa ba ya karɓar aiki, wahala ce kawai, in ma an sami ruwan sai ka ji shi da ɗaci-ɗaci. Shi abin da yake nema yashi ne da laka ta tare shi ta ƙasa, nan ruwa ke kwanciya. Bai buƙaci kalmata ba, amma tambayarsa irin ta Malam ce, nawa ne kuma wanne ke kan wanne. Shekaru bayan haka, da na shiga aikin haƙar burtsatse, na ga yadda abin ke da tsada. Injin yana niƙe komai ya turo shi sama a gauraye, muna ɗibar samfuri duk bayan mita 3, don haka siraran shimfiɗun yashi da laka sukan zo a kwaɓe kamar abu guda. In ka rubuta karɓa-karɓa kawai ka wuce, mai sa bututu ba zai san inda zai daidaita ragar shigar ruwa ba, ya sa ta saitin laka, rijiya ta ba da ruwa kaɗan mai dauɗa. Sai ka tsaya kusa da direban injin kana lura da inda ƙarfe ke nutsewa da sauri da inda yake tafiyar hawainiya. A Maiduguri wannan musanya ce ta raba ruwan ƙarƙashin ƙasa gida uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, laka mai kauri ta danne na tsakiyan har a da can in an huda shi a wasu sassan Borno ruwan kan taso da kansa ba famfo.

Daren ƙarshe na miƙa login. Layin nan ɗaya ya zama shafi huɗu, da bayani a ƙasa: laka mai duhu mai falle-falle ita ce mafi yawa, da shimfiɗu goma sha ɗaya na dutsen farar ƙasa a tsakaninta, masu ƙasan sun fi kauri da kusantar juna, suna sirancewa suna nisantar juna in ana hawa. Kalmar tana nan a ciki, sau ɗaya, ba layi a ƙarƙashinta. Malam ya bi ginshiƙin da bakin biro daga ƙasa, yana gyaɗa kai, har ya zo ta bakwai ya tsaya.

"Saman wannan fa? Ba ka ce komai ba."

Na ce, Malam, akwai gidan rina a daidai wurin.

"Da asuba sanyi na kama su. Mota sai ƙarfe takwas."

Bayan sallar asuba na ɗauki guduma da tocila na gangara rafin ni kaɗai, hazo ya rufe ko'ina. Rinar suna nan a dunƙule a jikin gidansu, ko motsi ba sa yi. Na raɓa a hankali na share saman shimfiɗar da tafin hannu. Iyakar a yanke take sarai, fuskar dutsen kuma duk ramuka ce ƙanana masu faɗin fensir, baƙar lakar sama ta gangara ta cike su. Wasu halittu ne suka haƙa gidajensu a wurin, wato ƙasan tekun ta daɗe a buɗe ba abin da ke sauka a kanta kafin lakar ta dawo. Na durƙusa na zana ramukan, na auna zurfin guda biyar, yatsuna na karkarwa. Ina cikin na shida na jiyo direba yana danna oda daga bakin hanya.